Arvid Lunde da Shingen Maƙwabcinsa

A shekarar 1961 Arvid Lunde ya fara haɗuwa da Emil Zacher, kuma turken eriya ne ya haɗa su. Arvid ya sayi tsohon turken wayar tarho, ya haƙa rami a bayan gidansa da ke bakin garinmu Ostby, a Dakota ta Arewa, ya tara abokan aikinsa na tashar jirgin ƙasa su ɗaga masa. Tun hantsi suke fama, turke ya ƙi miƙewa. Emil kuwa bai daɗe da sayen gonar da ke jingine da filin Arvid ba. Ya tsaya a bakin iyaka, hannu cikin aljihu, yana kallonsu har ya gaji. Sai ya juya, ya dawo da tarakta da sarƙa. Kafin kofi ya huce turke ya tsaya cak.

"Me za ka rataya a kai?" in ji Emil. "Wanki?"

"Waya. Da ita nake magana da mutanen ƙasashen waje."

"To, madalla. Ni da nake nan kusa ma ba ka yi mini magana ba sai da na kawo tarakta."

Thelma, matar Arvid, ta fito da gurasar dankali da man shanu, aka ci aka yi dariya. Daga ranar suka zama maƙwabtan kirki. Emil na aiko musu da tsiran alade duk kaka, Arvid kuma shi ke gyara masa duk abin da ke da waya a gida. Ba majami'arsu ɗaya ba, Arvid ɗan Lutheran ne, Emil ɗan Katolika, amma teburinsu ɗaya a shagon kofi na Verna kowace safiya.

Arvid dogo ne siriri, mai tsabta har ta yi yawa. A soja ya koyi rediyo, ya dawo gida ya zama akawun tasha, mai bugun tangaraho. Yana da lasisin 'yan rediyon sha'awa, masu harhaɗa na'urarsu da kansu su yi hira da juna daga uwa duniya. A ɗakin ƙasa na gidansa ya yi zamansa. Can ne ya gina injin ƙara ƙarfin murya da hannunsa, ƙato kamar akwatin kaya, da wasu fitilu biyu a ciki masu yin ja-wur idan ya danna. Thelma ta sa masa suna Tanderu, domin da sanyi shi ke ɗumama ɗakin. Arvid ya karɓi sunan. Idan wani daga Japan ya ce yana jin sa ƙwal, sai ya shafa murfin ya ce, "Aikin Tanderu ne."

Shi ne kuma malamin masu neman lasisi a yankinmu. Duk wanda ya zauna a gabansa ya haddace maganarsa a kan ƙara, irin hayaniyar nan da kayan lantarki ke zuba wa rediyo. Yakan ɗaga yatsa ya ce, "Kafin ka zargi kowa, kashe wutar gidanka gaba ɗaya daga babban makunni, ka kunna rediyonka da batir. Idan ƙarar ta tafi, ɓarawon naka a gida yake kwana."

'Yarsu ɗaya tak, Sonja. Ta yi karatun jinya, a 1975 ta tafi aiki wani ƙauye a can ƙuryar Alaska, inda babu tarho, wasiƙa kuma sai jirgin sama ya ga dama. Amma malamin makarantar ƙauyen ɗan rediyo ne. Suka shirya da Arvid, duk Lahadi bayan an tashi sujada an ci abinci, Sonja za ta je gidan malamin ta yi magana da iyayenta. Thelma takan sauko da kujerarta da saƙarta, ta zauna kusa da lasifika. Muryar takan zo siririya, tana nitsewa tana tasowa kamar daga cikin rijiya, amma dai muryar Sonja ce. Mako gaba ɗaya a gidan nan jiran Lahadi ake yi.

Da kakar 1976 gwiwoyin Thelma suka fara ciwo, hawa da saukar matakala don kiran miji cin abinci ya zame mata wahala. Arvid ya sa mata ƙararrawa. Maɓalli a kicin, ƙararrawa a ɗakin ƙasa, ɗan taransifomarta kuma ya ɗaure shi can cikin rufi, ya haɗa shi kai tsaye da wayar gida, ya rufe. A wannan kakar ce kuma Emil ya gaji da gyaran tsohon shingensa, ya ja wayar lantarki ya kewaye makiyayar shanunsa, irin wadda ke fizgar dabba idan ta taɓa. Wayar ta bi iyakarsu, ta wuce ƙarƙashin wutsiyar eriyar Arvid.

Ba a jima ba ƙara ta shigo. Sai ka ji zzzz, kamar ana yanka kwano da zarto, ta ɗauke, ta sake dawowa. Wata rana ta wuni, wata rana ta yi shiru kamar ba ita ba. Idan ta zo, tashoshin kusa ne kawai ke iya ketare ta. Muryar Sonja kuwa sai ta ɓace a ciki.

Arvid ya bi gidansa ɗaki ɗaki. Ya cire firji daga soket, ya cire talabijin, injin wanki, agogo, har bargon lantarkin Thelma. Ƙara na nan.

"Ka kashe babban makunnin?" Thelma ta tambaya.

"Wa ya ja wayar gidan nan?"

"Kai."

"To."

"Na ji dai kana faɗa wa ɗalibanka..."

"Ɗalibaina gidajen haya suke zaune, ba su san abin da ke cikin bangonsu ba. Ni na san kowane ƙulli. Dubi ta taga, Thelma. Ga ɓarawon can yana sheƙi."

Washegari a shagon Verna ya tare Emil a gaban jama'a. Da ya ja shi gefe ya roƙe shi ya kashe shingen na ɗan lokaci a gwada, da magana ta mutu a ranar, domin Emil ba mai rowa ba ne. Amma Arvid bai roƙa ba.

"Shingen nan naka na banza yana kashe mini rediyo. Ranar Lahadi ka kashe shi."

Emil ya ajiye kofi a hankali. "Ina kwana, Arvid. Lafiya lau na tashi, na gode."

"Ba wasa nake yi ba."

"Shanuna ba su san Lahadi ba, ba sa zuwa majami'a. Ka gaya wa mutanen Japan su ɗaga murya."

Aka kwashe da dariya. Wuyan Arvid ya yi ja.

"Wanda bai iya haɗa waya biyu ba ba shi da hurumin taɓa lantarki. Shekara nawa ina gyara maka fitila?"

"Shekara nawa turkenka ke tsaye? Sarkin waya, da yawu ka ɗaga shi?"

Verna ta ce, "Ku biyun nan, ko ku sha kofi ko ku fita waje." Arvid ya ɗauki kofinsa ya koma teburin bakin taga. Bai sake zama da Emil ba.

Cikin sanyin shekarar Sonja ta yi ta ƙoƙarin faɗa musu wani abu wata Lahadi. Suka ji "Baba, ina so ku sani," sai zarto ya sauka. Suka ji "likita ya ce," ya sake sauka. Thelma ta saki saƙarta ta kama hannun kujera. Arvid ya murɗa wannan ya murɗa wancan, yana ihu ta maimaita, har lokacin ya ƙare. Sai da wasiƙa ta iso bayan makonni suka san ashe albishir ne, Sonja da mijin da ta aura a can suna jiran haihuwa. A tsakanin nan Thelma ba ta ci abincin kirki ba. Arvid ya karanta wasiƙar a tsaye, ya ninke ta, ya je taga ya daɗe yana kallon wayar nan.

Emil yana da abu ɗaya da ba ya wasa da shi, kokawar talabijin ta yammacin Asabar. Yakan bar tarakta a tsakiyar gona saboda ita. Asabar ɗin nan Arvid ya sauka ɗakin ƙasa, ya juya eriyarsa ta dubi gidan Emil sak, ya kunna Tanderu ya bar shi ya yi ja. Da ya tabbata an fara kokawa sai ya danna. Hoton talabijin ɗin Emil ya tsage gida-gida, 'yan kokawa suka narke, muryar Arvid ta fito daga cikin akwatin tana gurnani kamar mai magana a cikin tulu: "Gwaji, gwaji. Ɗaya, biyu. Gwaji nake yi." Haka ya yi ta gwaji har aka tashi.

Tarho ya yi ƙara. Arvid ya ɗauka da kansa.

"Fita daga talabijin ɗina!"

"Wa ke magana? Ban ji ba, akwai ƙara a layin."

"Ka san ni, dogon banza! Ana gab da kayar da mutum ka shigo!"

"Ina da lasisi, Emil. Akwatinka ne mai arha. Ka gaya wa 'yan kokawar su ɗaga murya."

Duk Asabar sai ya yi. Har yakan yi aski ya sa riga mai tsabta kafin ya sauka, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Emil kuwa ba a bar shi a baya ba. Ya gano cewa injin walda ma na shiga rediyo, sai ya tara duk ƙarafan da suka karye a gonarsa, ya riƙa yi musu walda ranar Lahadi da rana a bakin iyaka. Da ƙarafan suka ƙare ya riƙa karya waɗanda ya haɗa yana sake haɗawa. Da bazara ta zo ya jibge takin shanu a kusurwar da iska ke bi ta shiga tagar kicin ɗin Thelma. Arvid ya sare reshen itacen tuffarsa da ke leƙawa gonar Emil, don kada ko ɗaya ta faɗa can. Tsiran alade ya daina zuwa. Fitilar rumbun Emil ta mutu, ya gwammace ya ɗauko mai gyara daga wani gari.

Garin ya rabu biyu, kowa na jin daɗin kallo. Fasto ya yi wa'azi a kan ƙaunar maƙwabci yana duban Arvid, Arvid ya gyaɗa kai da ƙarfi, don a ganinsa da Emil ake. Thelma kaɗai ba ta dariya. An haifi jikanta, ta ji rabin kukansa a lasifika, rabin ya tafi cikin zarto.

A watan Mayun 1978 Sonja ta aiko cewa yaron ya fara cewa wasu kalmomi, za ta kawo shi gaban rediyo Lahadi mai zuwa. Ranar ta waye da sanyi da yayyafi. Arvid ya ce wa Thelma kansa na ciwo, ta tafi sujada ita kaɗai. Ya tsaya a taga har ya ga a-kori-kurar Emil ta fita zuwa tasu majami'ar. Sai ya yanko guntun wayar tagulla daga ragowar eriyarsa, ya sa safar roba, ya bi iyaka zuwa inda ciyawa ta yi tsawo. Ya ɗaura bakin wayar a jikin shingen, ya naɗe ɗaya bakin a turken ƙarfe, yadda duk ƙarfin wutar zai zube a ƙasa. Hannunsa ya yi abin da ya saba, ya yi naɗin nan na ma'aikatan tangaraho, zagaye kan zagaye, lafiyayye, ba bakin da ya fito.

Ranar babu ƙara ko ɗis. Muryar Sonja ta zo kamar tana kicin. Yaron ya ce wani abu mai kama da "kaka", Thelma ta yi kuka ta yi dariya ta sake yin kuka. Arvid ya jingina da kujera, ransa fari ƙal. Ya yi niyyar cire wayar da yamma. Da yamma ta yi ya ce bari ya ɗan ƙara shan shirun nan, ai an daɗe ana cutarsa. Ruwa ya ci gaba da zuba, sanyi bai ɗaga ba, rediyo shiru, waya na nan a inda ya ɗaura ta.

Shanu ba su daɗe ba suka gane shingen ya mutu. Suka tura shi suka faɗa gonar alfalfa, ɗanyar ciyawar dabbobi da ta fara tasowa, ga ta jiƙe da ruwa. Duk mai shanu ya san abin da ke biyo baya. Emil ya tarar da su ciki ya kumbura kamar ganga. Ya ceci sauran, amma karsana ɗaya ta riga ta faɗi. Ja ce mai farar fuska, jikar saniyar da ubansa ya ba shi ranar aurensa, ita kaɗai ta rage a wannan jinin. Yakan kira ta da suna, ta zo ta ci a hannunsa.

Arvid na taga lokacin da tarakta ta ja ta zuwa bayan rumbu, da sarƙar nan dai da ta ɗaga masa turke. Ya ga Emil ya dawo ya bi shingen a ƙasa, taku taku, har ya tsaya a inda ciyawa ta yi tsawo. Ya durƙusa. Ya daɗe a durƙushe.

Arvid ya jira ɗan sanda, ya jira tarho, ya jira a zo a fasa masa ƙofa. Babu wanda ya zo. Da safe ya ga guntun wayarsa an kafa shi da ƙusa a turken ƙofar makiyaya, wanda ke kallon tagar kicin ɗinsa, naɗin tangaraho na sheƙi a rana. A garin nan mutum ɗaya ne ke irin wannan naɗi. Emil bai gaya wa kowa ba. Ya daina walda, ya kwashe takin. Idan sun haɗu a shagon Verna sai ya dube shi kamar yadda ake duban bango.

Rana ta fito, gari ya ɗumama, Emil ya gyara shinge, ƙara ta dawo.

"Kin gani?" Arvid ya ce wa Thelma. "Da shingen ya mutu shiru, da ya tashi ga ta. Wace shaida kuma ake nema?"

"Ni wayar can nake gani kullum in ina wanke-wanke," in ji Thelma. "Ta wa ce?"

"Da ya kashe shi tun farko da na ce, da karsanarsa na raye. Shi ya jawo."

Ta dube shi, ta ɗauki labule ta rufe tagar. Ya zo ya buɗe. Ba zai bari Emil ya ga an rufe ba. Asabar ta zo ya sauka ya kunna Tanderu kamar yadda ya saba, ya ma ƙara masa wuta. Tarho bai yi ƙara ba. Daga baya muka ji Emil ya ba da talabijin ɗin kyauta.

Haka aka ci shekara guda da 'yan watanni. A Agustan 1979 wata guguwa ta bi ta yankinmu da la'asar, ta kwantar da turakun lantarki da na tarho kamar an yi shara. Gari ya zauna ba wuta kwana da kwanaki. Arvid ya ciro batir daga motarsa, ya sauke shi ɗakin ƙasa, ya haɗa ƙaramin rediyonsa. Mutane suka yi layi a matakala, yana aika saƙonsu ga 'yan'uwa cewa suna lafiya. Iska kuwa tas, ba ƙara ko ta ƙwayar zarra. Ranar Lahadi ya ji Sonja har da numfashinta.

Da suka gama ya fito waje yana jin kansa kamar sarki. Emil na bakin iyaka yana janye reshen da guguwa ta jefa kusa da shinge. Arvid ya nufe shi. Rabonsa da yi masa magana tun kafin karsana.

"Emil! Zo ka ji rediyona yau. Tas, kamar ruwan rijiya. Ka san dalili?"

Emil bai ɗago ba.

"Saboda babu wuta, wannan shirgin naka ya mutu! Abin da ka ƙi yi, guguwa ta yi mini. Shekara uku ina faɗa. Dube shi, mushe!"

Ya miƙa hannu ya damƙi wayar don ya nuna.

Waɗanda suke matakala sun ce har ciki suka ji ihunsa. Hularsa ta tashi, ya zauna daɓas a cikin laka, hannu a hammata, baki buɗe. Emil ya jefar da reshen, ya tako ya tsaya a kansa.

"Yaya, sarkin waya? Mushen ya yi shuri?"

"Ta ina... babu wuta a gari..."

"Da batirin tarakta yake aiki. Tun ranar da na kafa shi. Ko minti ɗaya bai tsaya ba tun da aka yi guguwar nan." Ya dubi turken ƙofar makiyaya. "Sau ɗaya dai ya taɓa tsayawa. Kai ka san ranar."

Ya juya ya tafi. Arvid ya zauna a lakar nan har wandonsa ya jiƙe. Shinge na aiki, rediyo shiru. Ba sai an yi masa bayani ba, shi ne malamin.

Ranar da wuta ta dawo ƙara ta dawo tare da ita. Ya bar rediyon a kan batir, ya tsaya gaban akwatin fis, inda wutar gidan ke rarrabuwa, ya ce wa Thelma ta zauna ta saurara. Ya ja babban makunni. Shiru. Ya mayar. Zarto. Ya shiga zare fis ɗaya ɗaya, Thelma na kira daga ƙasa, "Tana nan. Tana nan." Da ya zare na fitilun sama ta ce, "Ta tafi."

Ya ɗauki tsani ya shiga cikin rufi. Can ya same shi, ɗan taransifomar ƙararrawa, bai fi dunƙulen hannu ba, ya yi zafi har ya ƙona katakon da ke ƙarƙashinsa, kuma igiyar eriya ta wuce dab da shi. Idan ya yi zafi sai wani ɗan ƙarfe a cikinsa ya riƙa katsewa yana haɗewa, yana tartsatsi. Idan rufi ya yi sanyi sosai, kamar makon yayyafin nan na Mayu da aka riga aka kashe murhun ɗumama gida, sai ya huta. Ba shi da soket, shi ya sa bai taɓa cire shi ba. A jikin wayarsa ga naɗin tangaraho, zagaye kan zagaye.

Ya sauko ya ajiye shi a teburin kicin. Thelma ta juya shi da cokali.

"Wannan ne?"

"Shi ne."

"Ƙararrawata."

"Ni na sa ta."

"To sai ka je ka faɗa masa."

"Ba zan iya ba."

"Ka iya shiga talabijin ɗin mutum, ba ka iya shiga ƙofarsa ba?"

Bai je ba. Arvid Lunde bai taɓa iya ba da haƙuri da baki ba, har ya mutu. Amma cikin watan Satumba wani mutum ya zo daga Montana da mota, aka gan su su biyu suna fito da Tanderu daga ɗakin ƙasa a naɗe cikin bargo. Arvid ya tsaya a bakin hanya har motar ta ɓace. A shagon Verna aka tambaye shi, ya ce yana shan wuta da yawa ne.

Ya san abin da ya sayar. In babu Tanderu muryarsa ba ta kai Alaska sai ranar da iska ta yi kyau ƙwarai. Yanzu suna jin Sonja tas, ita ce ba ta jin su. Sai ya koma bugun tangaraho, wanda ke ratsawa ko da ƙaramin ƙarfi. Thelma ta faɗa, shi ya buga, malamin makarantar can ya karanta wa Sonja. Jikansa ya girma yana tsammanin kakansa wani tsuntsu ne mai tsiwa a cikin akwati, har sai da suka zo hutu ya gan shi da baki. Thelma ba ta taɓa yin ƙorafi ba. Takan ce, "Gaya mata ta sa wa yaron hula," ta ci gaba da saƙa.

Ya shafe Asabar da yawa yana yawon kasuwannin shanu na nesa, shi da bai san kan saniya daga gindinta ba. Ya riƙa tambayar asalin jini, yana cewa wani ne ya aiko shi. A ƙarshe ya samo gonar da uban Emil ya sayi saniyar farko, can kusa da iyakar Dakota ta Kudu, jikokin mai gonar na nan da irin.

Wata Lahadi a watan Oktoba ya sake cewa kansa na ciwo. Thelma ta dube shi, ta ɗauki jakarta ba ta tambaya ba. A-kori-kurar Emil ta fita. Ba a jima ba wata motar shanu baƙuwa ta tsaya a ƙofar makiyaya, ta sauke abin da ta kawo, ta wuce.

Da la'asar Arvid na share ganye a bayan gida sai ya ji takun mutum. Emil ne, ya tsaya a ɗaya gefen wayar, hannu cikin aljihu, kamar ranar farko. A bayansa ga wata karsana ja mai farar fuska tana shinshinar sauran.

"Wata baƙuwa ta shigo mini," in ji Emil.

"Allah?"

"Ba tambari a jikinta. Na tambayi duk 'yan majami'armu ta tarho, babu wanda ya yi ɓatan dabba."

"Shingenka ne ba shi da kirki. Komai shiga yake yi."

"Taɓa ka gani."

Arvid ya ci gaba da shara. Emil ya daɗe yana kallon karsanar.

"Fuskar tsohuwar ce da ita," ya ce. "Har ɗigon da ke kunne."

"Ni ban san shanu ba."

"Na sani. Duk wanda ya saye ta, an cuce shi a farashi."

Ya juya ya bi shinge zuwa ƙofar makiyaya. Thelma na kicin tana wanke kofuna, ta ga ya tsaya a gaban turken nan, ya ciro filaya daga aljihun baya, ya zare ƙusar. Ya naɗe guntun wayar a hannunsa ya sa a aljihu, ya shiga ya zuba wa karsanar dusa.